KOME IDO YA GANI SAI HANNU YA SAYA? Gargaɗi Kan Almubazzaranci Ga Jama'ar Gummi, Anka Da Bukkuyum

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki wanda ya ba mu dukiya amana a hannunmu. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako za mu yi magana ne a kan wata cuta wadda ba a kai mai ita asibiti, amma ta tsiyata gidaje da yawa, ta raba aure, ta kai dattawa gaban alƙali. Cutar kuwa ita ce sayen abin da ba a yi niyya ba, da kashe kuɗi fiye da ƙarfin samu. Mun ɗauki ƙasar Gummi da Anka da Bukkuyum ta yammacin Jihar Zamfara don misali, domin abubuwan da suka auku a wannan yanki cikin 'yan shekarun nan sun isa su nuna wa kowa bambancin gidan da ya yi tanadi da gidan da bai yi ba.

MENE NE ALMUBAZZARANCI?

Malamai sun raba ɓarnar dukiya gida biyu. Na farko shi ne israfi, watau mutum ya wuce iyaka cikin abin da asalinsa halal ne, kamar ci da sha da sutura. Na biyu shi ne tabziri, inda muka samo kalmar almubazzaranci, watau mutum ya zuba dukiya inda bai kamata a zuba ta ba, ko da kwabo ɗaya ne. Duka biyu Alƙur'ani mai girma ya hana. A Suratul A'araf, aya ta 31, an halatta ci da sha, aka hana wuce iyaka. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, an danganta masu watsa dukiya da shaiɗanu, kuma a aya ta 29 aka zargi marowaci da mai sakin hannu gaba ɗaya. A Suratul Furƙan kuwa, aya ta 67, an yabi bayin Allah da suke bin tsakatsaki wajen ciyarwa.

Mutumin Gummi ba shi da uzurin cewa bai ji ma'anar waɗannan ayoyi ba, gama ɗan garinsu ne, marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gummi, Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa na dā, wanda ya rasu a 1992, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Duk mai iya karatun boko sai ya buɗe waɗannan wurare ya karanta wa iyalinsa.

Abin bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba, har hukunci gare shi. Suratun Nisa'i, aya ta 5, ta hana a damƙa dukiya a hannun safihi, watau wanda bai san tattali ba. A kan haka ne littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Muhtasar na Shehu Halilu, suka keɓe babi guda na hajru, inda alƙali yake da ikon hana baligi mai ɓarna taɓa dukiyarsa, ya naɗa masa mai kula. To, jama'a, shari'ar da take iya ɗaure hannun mutum daga kuɗinsa na kansa, ashe ba ta ɗauki wannan al'amari da wasa ba.

KAKA DA BAZARA

Galibin mutanen wannan yanki manoma ne. Ana noma gero da dawa da wake a tudu, ana noma shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara. Samun manomi kuwa sau ɗaya yake zuwa a dunƙule, lokacin kaka, alhali kuwa ciki kullum sai ya ci. Nan ne jarrabawar take. Da kaka kowa ya kai hatsi kasuwa, saboda haka farashi yana ƙasa. A daidai wannan lokaci ne kuma 'yan koli da masu yadi da dillalan babura suke cika kasuwa, domin sun san aljihu ya yi nauyi. Mutum zai fito da niyyar sayar da buhu ɗaya ya sayi gishiri da manja, sai ya ga sabuwar waya a hannun sa'ansa, ya koma gida ya sake ɗebo buhu biyu. Kafin ruwan farko ya sauka rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga kuɗin ƙwadago, sai ya dawo kasuwa yana awon tiya da tsada, wataƙila ma hatsin da ya sayar ne da hannunsa.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata Baturiyar Ingila mai binciken tattalin arziki, Polly Hill, ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma nuna a littafin da ta buga a 1972 cewa ɗaya daga cikin abubuwan da suke raba manomi mai hali da matalauci shi ne wa yake iya riƙe hatsinsa, wa kuma yake rabuwa da shi tun da kaka. Gaskiya ne akwai wanda dole ce take sa shi sayarwa, ko don bashi, ko don rashin lafiya, kuma wannan ba abin zargi ba ne. Maganarmu tana kan wanda sha'awa ce kawai ta buɗe masa rumbu.

Suratu Yusuf, daga aya ta 47 zuwa ta 49, ta ba da labarin shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar, cewa su adana amfanin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari. Buhari kuma ya ruwaito daga Sayyidina Umaru cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara. Saboda haka tanadi ba ya karo da tawakkali. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Mutanen Zamfara sun ga amfanin wannan da idonsu. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma yanke layukan waya na makonni da yawa. A watan Janairu na 2022 aka kai munanan hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, jama'a da yawa suka bar gidajensu. A daminar 2024 ambaliya ta ci gidaje dubbai a Gummi. Ba wanda ya jawo wa kansa waɗannan masifu, kuma sau da yawa wuta ko ruwa sun cinye har abin da aka tanada. Amma wanda yake da 'yar akuya a hannun ɗan'uwa a wani gari, ko 'yan kuɗi a ajiye, ya fi saurin miƙewa a kan wanda ranar ta same shi da bashin shadda a wuya.

KUƊIN UDOJI DA KUƊIN ZINARIYA

Dattawa suna tune da abin da ya faru a farkon 1975, lokacin mulkin Janar Yakubu Gowon, sa'ad da aka biya ma'aikata ƙarin albashin da hukumar Cif Jerome Udoji ta ba da shawara, haɗe da bashin watannin baya a dunƙule. Ma'aikata suka dira kasuwa, wannan rediyo, wannan babur, wancan ƙarin aure. 'Yan kasuwa suka ga kuɗi sun yi yawa, kaya kuwa ba su ƙaru ba, sai suka ɗaga farashi, har tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100 a wannan shekara. Da kasuwar man fetur ta faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka wayi gari waɗanda suka yi rububin rediyo suna bin layin sukari da madara da sabulu.

Irin wannan samu na farat ɗaya ya zo wa ƙasar Anka da Bukkuyum ta hanyar zinariya. Da farashinta ya hau a kasuwar duniya, daga ƙasa da dalar Amurka 300 kowace oza a 2001 zuwa fiye da 1,000 a 2009, sai haƙa ta bunƙasa a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. Aka riƙa kawo duwatsu cikin gida ana dakawa, ba a san akwai gubar dalma a cikinsu ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano abin da yake kashe yara, kuma an ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya sa masu ceto ne. Dukiyar da aka samu da irin wannan tsada, ya ɗan'uwa, ta cancanci a watsar da ita a teburin mai shayi da shagon waya? Sannan a watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara, ba ta ɗage hanin ba sai a Disamba 2024. Rami yakan ƙafe, doka takan sauya. Wanda ya mai da rabonsa gona ko shanun huɗa ko jari, yana da abin nunawa. Wanda ya ce gobe ma za a samu, ba kullum ake kwana a gado ba.

KASUWA TA SHIGO ALJIHU

A dā mutum sai ya jira ranar kasuwa, ya yi tafiya, ya kwance lalitarsa, ya ƙirga kuɗi a hannu kafin ya saya, kuma a cikin wannan jinkiri sau da yawa sha'awa takan huce. Yau kuwa kasuwar tana cikin waya. Matar aure tana ɗakinta za ta ga hoton atamfa da kayan kicin a WhatsApp, saurayi zai ga takalmi da agogo a Facebook ko TikTok, ga mai POS a bakin titi, ga tura kuɗi ta waya cikin ƙiftawar ido. Kuɗin da hannu bai ƙirga ba, zuciya ba ta jin zafin fitarsu.

Masu talla kuma sun san lagon zuciyar ɗan Adam. Za a ce maka saura guda biyu, ko a ce rangwamen na yau ne kaɗai, don kada ka sami sararin tunani. Za a fara ambata maka farashi mai tsauri, sannan a rage, ka tafi kana murna ka yi ciniki, alhali abin ba ya cikin bukatarka tun farko. Wani kuma zai ce, "Haba Alhaji, ai wannan irin taku ce ta manya, ɗauki kawai, in Allah ya hore ka kawo." Da jin an ce Alhaji, sai kunya ta hana shi ajiyewa. Musulunci ya san da irin waɗannan dabaru, shi ya sa ya hana najashu, watau wani ya riƙa ƙara farashi ba da niyyar saye ba, don ya ruɗi mai saye.

Kada kuma a raina ƙananan kashe-kashe. Wanda yake zubar da naira 500 kullum a kan abin da in ya bari ba abin da zai same shi, ya kashe naira 15,000 a wata, a shekara kuwa naira 182,500. Sai ya je kasuwa ya tambayi kuɗin buhun gero, ya raba ya gani. Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, tsadar abinci kuma ta wuce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar wannan shekara bisa ƙididdigar hukuma.

BIKI DA BASHI

Babbar ƙofar da dukiya take zurarewa ita ce gasa a wajen biki. Sadaki wajibi ne, walima sunna ce gwargwadon hali. Amma akwatunan lefe da ake jerawa don a ƙirga, da anko kala-kala, da kayan ɗakin da ake sayar da gona a yi, da gara mai rinjayar mota, duk mu muka ɗora wa kanmu. Uwa za ta ce, "Malam, 'yar wance an yi mata kaza, tawa ba za ta fita da ƙasa da haka ba." Uba ya rasa ta cewa, ya tafi neman rance. Kwana bakwai an watse, 'yan kallo sun koma gidajensu, an bar shi da mai bin bashi. Illar ba ta tsaya a gidansa ba, domin duk sa'ad da aka ɗaga ma'aunin biki, an ƙara wa 'yar talaka shekarun zama a gida, an kuma ƙara nisanta saurayi da halal. A yankin da masu satar mutane suke da 'yan leƙen asiri kuwa, baje dukiya a idon jama'a yana da wani haɗarin na dabam.

Bashi halal ne ga mabukaci, amma shari'a ta tsaurara a kansa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Manzon Allah ya dakata da yi mata salla saboda bashin da yake kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. To, in haka ne, ina hankali ga cin bashi don leshi? Balle rancen waya na zamani, wanda yake tafe da riba, wadda haramcinta ba ɓoyayye ba ne, kuma har hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta kai samame ofisoshin wasu masu ba da shi a Legas a 2022, saboda tozarta mutane da suke yi a wajen 'yan'uwansu. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

ABIN KOYI DAGA MAGABATA

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umaru ya gamu da Jabir ɗan Abdullahi ya sayo nama na dirhami ɗaya saboda marmari, sai ya tunatar da shi haƙƙin maƙwabci da ɗan'uwa, ya kuma tsoratar da shi kada mutum ya cinye daɗinsa tun a duniya. Nama halal ne, Jabir kuma sahabi ne mai daraja. Abin da Umaru yake koyarwa shi ne kada marmari ya zama shi ne mai riƙe da lalita.

A ƙasarmu ma muna da misali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekaru 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara. Wajen 1788, a taron Babbar Salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya ba shi kyautar miskali 500 na zinariya, Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, cikinsu har da sakin fursunoni da sauƙaƙa wa talakawa haraji. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan jama'a bayan nasara, sai ya bar rundunar wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, har mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Wanda idonsa bai rufe a kan zinariya ba, shi ne ya iya faɗa wa sarki gaskiya. Mai kwaɗayi kuwa kullum a wulaƙance yake.

TO, INA MAGANI?

Na farko, a jera bukatu bisa matsayinsu. Malamin Andalus, Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, ya yi bayanin matakai uku: larura, wadda in babu ita rayuwa za ta lalace, kamar abinci da magani, bukata, wadda in babu ita za a sha wuya, kamar abin hawa zuwa gona, da ƙawa, wadda ado ce kawai. Kada kwabo ya tafi mataki na uku alhali na farko bai cika ba.

Na biyu, ranar da amfani ya zo gida a fara fitar da zakka, a ware abincin shekara da iri da kuɗin taki, sannan a duba abin da ya saura. Inda ake tsoron ƙone rumbu, kada a tara kome wuri ɗaya. A lura kuma, adana abincin iyali dabam yake da ɓoye hatsi don a ƙuntata wa jama'a, wanda shari'a ta hana, kuma faɗuwar farashin hatsi a 2025 ta nuna cewa mai ɓoyo ma yana iya tafka hasara.

Na uku, kada a shiga kasuwa sai da jerin abin da za a saya, da kuɗinsa daidai. Abin da aka gani a hanya, a ba shi kwana uku. In bayan kwana uku har yanzu ana bukatarsa, kuma akwai kuɗinsa ba bashi ba, sai a saya. Sauri ya haifi nawa.

Na huɗu, a yi amfani da sauƙin da shari'a ta bayar. A mazhabar Malikiyya mai saye yana iya gindaya sharaɗin zaɓi, kamar wata guda ga gida, ko kwana uku ga dabba ko tufa, don ya yi shawara. An kuma kwaɗaitar da ɗan kasuwa ya karɓi kayansa in mai saye ya yi nadama, abin da ake kira iƙala.

Na biyar, maigida da uwargida su zauna su san abin da yake shigowa da abin da yake fita, a rubuta ko da a bayan littafin yaro ne. Adashi kuma a sa masa manufa tun kafin kwasa ta zo, in ba haka ba ranar ɗauka ita ce ranar watsarwa.

Na shida, sarakuna da malamai da masu hali su fara sauƙaƙa bikin 'ya'yansu. Talaka ba zai rage lefe ba muddin yana ganin na manya yana ƙaruwa.

Daga ƙarshe, kada wani ya fake da wannan bayani ya ƙuntata wa iyalinsa. Ciyar da mata da 'ya'ya da tufatar da su wajibi ne, hana su kuwa zalunci ne, kuma rowa ita ma abar zargi ce kamar ɓarna. Hasali ma, mai tattali shi ne yake da abin ba ɗan gudun hijira da maraya in sun tsaya a ƙofarsa. Tirmizi ya ruwaito cewa ranar Alƙiyama za a tambayi kowane bawa game da dukiyarsa ta fuska biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Yawancinmu muna kula da tambaya ta farko, mun manta da ta biyu, alhali kuwa duka biyu sai an amsa.

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa albarka cikin abin da ya ba mu, ya raba mu da nauyin bashi, ya kuma dawo da zaman lafiya a Gummi da Anka da Bukkuyum da sauran ƙasarmu baki ɗaya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.